Tambaya: safar hannu ta lateks tana tare radiyeshon na beta kuwa?

Ɗalibar_Lab ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin radiyeshon ku taimaka min da wata tambaya da ta hana ni sukuni tun jiya. Ina digiri na biyu ne, kuma satin nan aka fara sa ni aikin yi wa DNA alama da P-32, wato nau'in fosforos mai fitar da radiyeshon na beta, toh wanda yake koya min aikin, wani babban ɗalibi da ya riga ni shiga lab ɗin, sai ya ce min in dai na saka safar hannu ta lateks guda biyu, ɗaya kan ɗaya, shikenan hannuna ya tsira, wai ai beta ba ta da ƙarfin huda abu.

Ni dai na ce to, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Da ya fita sai na ɗauko na'urar Geiger ɗin, mai gano radiyeshon, da ke kan benci na kara ta kusa da ɗan tub ɗin da samfurin yake ciki, ta fara kuka ƙir ƙir ƙir ba ƙaƙƙautawa, sai na zura wa kan na'urar sabuwar safa ɗaya na sake karawa daidai inda na kara da farko, wallahi kunnena bai ji wani bambanci ba, na ƙara ta biyu, allurar ta ɗan sauka amma in ba ka zuba mata ido ba ba za ka ma lura ba. Toh in na'ura tana jin abin ta cikin safa biyu, ai yatsuna ma suna ji ke nan ko? Ko ni ce ban iya gwajin ba? Kuma in safar ba ta tare komai, mene ne amfanin saka ta da ake ta yi mana faɗa a kai? Ina jin nauyin in koma in ce masa bai yi daidai ba tunda ya girme ni a aikin, shi ya sa na kawo nan.

Injiniya_99 ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, abin da muka karanta tun sakandare shi ne alfa takarda ke tare ta, beta kuma ɗan siririn abu ya ishe ta, gama ce mai matsala. Ina ga Geiger ɗinku ne mai yawan surutu. In kuma kina jin tsoro ki nemi safar dalma irin ta masu ɗaukar hoton eksire, ita kam ba abin da zai wuce ta.

Malamin_Kariya ya rubuta:

Injiniya ka yi haƙuri, amma shawarar nan taka guda biyu duk sai an gyara su, don yarinyar nan da hannunta za ta yi aiki da abin da muka faɗa mata.

Ɗalibar_Lab, 'yata, gwajinki daidai yake, kuma kin yi abin da da yawa daga cikin manya ba sa yi, kin auna da kanki. Na daɗe ina aikin kula da kariyar ma'aikata daga radiyeshon, kuma wannan magana ta "beta ba ta huda abu" na ji ta har na gaji. Matsalar ita ce ana maganar beta kamar abu guda ne, alhali ƙarfinta ya danganta da sinadarin da ta fito daga cikinsa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Ita beta ba komai ba ce illa ilektiron da ke fitowa da gudu daga cikin ƙwayar zarra. Na tiritiyom, wato H-3, nau'in haidirojin mai radiyeshon, iyakar ƙarfinsa 18.6 keV (keV ma'aunin ƙarfin ilektiron ɗin ne), a cikin iska ma bai wuce tafiyar milimita 6 ba ya tsaya. Na C-14, nau'in kabon, iyakarsa 156 keV, na S-35, nau'in salfa, kuma 167 keV, waɗannan biyun kusan tagwaye ne, a ruwa ko nama tafiyarsu wajen milimita 0.3 ce. Na P-33, wani nau'in fosforos ɗin, ya kai 249 keV. Shi kuwa P-32 ɗin da ke hannunki 1,710 keV ne, kin ga ya ninka C-14 fiye da sau goma, ya ninka tiritiyom kusan sau casa'in, a iska yana iya tafiyar wajen mita 6, a ruwa ko nama wajen milimita 8.

Yanzu ki ɗauko safar taki ki duba. Irin wadda ake sakawa sau ɗaya a yar, kaurinta wajen milimita 0.1 ne, wata ta ɗan fi, wata ta ɗan gaza, kuma nauyin robar kusan ɗaya yake da na ruwa. Toh lissafin ai a fili yake, abin da ke buƙatar milimita 8 kafin ya tsaya gaba ɗaya kin sa masa 0.1 a gaba, sai kin jera safa wajen 80 a hannu ɗaya kafin ki ce kin tare P-32 duka. Safa ɗaya abin da take ragewa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba, sauran tara sun wuce abinsu ko a jikinsu. In kina so ki ci gaba da gwajin naki ki yi ta ƙara safa a kan na'urar, za ki ga sai kin kai wajen takwas zuwa goma kafin kukan ya ragu rabi. Abin da allurarki ta nuna miki ke nan.

Inda babban ɗalibin naki yake da ɗan gaskiya shi ne a kan masu raunin. Fatar mutum kanta tana da mataccen ɓawo a sama wanda a lissafin kariya ake ɗaukarsa milimita 0.07, kuma sai ilektiron ya kai wajen 70 keV kafin ya ratsa shi ya taɓa rayayyar fata. Saboda haka beta ta tiritiyom ko babu safa ba ta isa rayayyar fata daga waje. C-14 da S-35 kuwa safa ɗaya tana cinye mafi yawansu, biyu su kusa ƙarar da su, in kin haɗa da bangon kwalbar da suke ciki sai ki tarar kusan ba abin da ya iso. Ina zaton shi da S-35 ya saba aiki sai ya ɗauko hukuncin can ya ɗora wa P-32, haka kuskuren yake yawan faruwa.

Toh mene ne amfanin safar? Aikinta hana sinadarin taɓa fatarki, ba tare haskensa, wato radiyeshon ɗin da yake fitarwa, ba. Kuma kada ki raina wannan aikin, don a nan ne babban haɗarin yake. In P-32 ya zauna a kan fata kai tsaye, kowane kBq ɗaya (ma'aunin yawan radiyeshon ɗin da sinadari ke fitarwa) a kan santimita murabba'i ɗaya yana ba fatar wurin kusan 2 mSv (ma'aunin radiyeshon ɗin da jiki ya sha) a awa. Maikirokuri ɗaya tak, wanda shi ne 37 kBq, ɗan ɗigon da ido ma ba lallai ya gani ba, ya kama wajen 70 mSv a awa ke nan. Iyakar da hukumar ƙasa da ƙasa ta kariya daga radiyeshon, wato ICRP, ta ba da shawara ga fata da hannuwan ma'aikaci ita ce 500 mSv a shekara, kin ga ɗigon nan in ya yini a yatsanki awa bakwai ba ki sani ba ya cinye rabon shekara guda na wurin. In a kan safa ya ɗiga, hasken yana ratsowa dai, amma kina cire ta kin yar shikenan ya rabu da ke cikin daƙiƙu. In a fata ne sai wanki da sabulu da ruwa mai ɗumi, a hankali ba da dirza ba don kada ki buɗe masa hanya, kuma wani lokacin ya maƙale a gefen farce ya ƙi fita. Daga yatsa kuma sai baki, sai ido, sai abinci, in ya shiga jiki fosforos ƙashi yake nufa.

Sai maganar dalma da Injiniya ya kawo. Dalma ta tare radiyeshon na gama da eksire ce. In ilektiron mai ƙarfi ya daki abu mai nauyi irin dalma yana taka birki da ƙarfi, sai wani ɓangare na ƙarfinsa ya koma eksire, Jamusawa suka sa masa suna bremsstrahlung, ma'anarsa radiyeshon na birki. Da P-32 a kan dalma abin da ke komawa eksire ya kai wajen kashi 5 cikin ɗari, a kan filastik kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Shi ya sa garkuwar P-32 take zama filastik mai kauri garai-garai irin Perspex ko Plexiglas, santimita 1, wadda kike tsayawa a bayanta kina ganin aikinki ta ciki. In kayan suna da yawa sosai har ana son dalma, toh filastik ne a ciki dalma a waje, ba a juya su. Ga kuma safar dalma nauyi da kauri, ki ce za ki riƙe fifet, abin ɗibar ruwa ɗan kaɗan, da ita ki ɗebi maikirolita biyu, ai sai kin zubar, kuma aikin minti ɗaya ya koma biyar.

Antin_Lab ta rubuta:

Malam ya gama magana a kan lissafi, Allah ya ƙara ilimi. Ni bari in ƙara abin da hannu ya koya min, don shekaruna da yawa ina teknishan kuma tiritiyom da S-35 na fi taɓawa.

Ƙanwata abin da ba a cika faɗa ba shi ne ita safar kanta ba bango ba ce, wasu ruwaye suna tsotsuwa ta cikin robar ba tare da ta huje ba. Ruwan da ke da tiritiyom yana ratsa lateks a hankali, kuma fata tana shan sa kamar yadda take shan kowane danshi, in ya shiga sai ya gauraye da ruwan jiki duka, wajen kwana 10 kafin rabinsa ya fita. Ga shi Geiger ba ya jin tiritiyom sam, ki kara shi a kan safar da ta jiƙe sharkaf zai yi shiru kamar ba komai, sai dai ki goge wurin da 'yar takarda ki kai na'urar sintileshon, wadda ke ƙirga radiyeshon a cikin wani ruwa na musamman, ta ƙirga miki. C-14 da S-35 ma kaɗan yake kamawa daga cikinsu, sai kin matso da shi kusa sosai kina tafiya a hankali. Ke kam ta wannan fannin kin yi sa'a, P-32 ba ya ɓuya, ko ɗan mitsitsi ne na'urar za ta tona shi.

Kuma tunda aikin DNA kike yi nasan fenol da kulorofom ba sa nisa da bencinki, toh kulorofom ba ya ɗaukar lokaci yake ratsa lateks, siririyar safar robar naitiril ma ba ta jure masa, kuma in ya ratsa yana iya jan abin da ke cikinsa ya shiga da shi. Haka toluwin da zailin da ke cikin wasu tsofaffin ruwayen sintileshon. Duk wanda ya daɗe a lab ya san labarin Farfesa Karen Wetterhahn ta kwalejin Dartmouth a Amurka, a watan Agusta na 1996 ɗigo kaɗan na wani sinadarin makuri, wato zaiba, ya zubo mata a kan safar lateks, ta ɗauka safar ta kare ta, ashe cikin daƙiƙu ya ratsa, ta rasu a watan Yuni na 1997. Ba radiyeshon ba ne nata, amma tun da na ji labarin na daina kallon safa a matsayin abin da zan dogara da shi in yi sakaci.

Safa biyun da aka ce ki saka ki saka, shawara ce mai kyau, dalilin da aka ba ki ne kawai ba daidai ba. Amfaninta shi ne in ta sama ta ɓaci ki zare ta ki yar, ta ƙasa tana nan tsaf, ba ki taɓa komai da fata ba. Ni yadda nake yi, Geiger a kunne yake a gefena tun daga farko har ƙarshe, na juya fuskarsa nesa da samfurin, duk bayan mataki ɗaya sai in kara yatsuna a gabansa gaba da baya, yana canza murya sai in sauya safa nan take, ko bai canza ba ma ba na barin safa ɗaya ta daɗe a hannuna. Kuma ki koyi cire ta, ki kama ta daga wajen wuyan hannu ki juyo cikinta waje, ta biyun ki zura yatsa ta ƙarƙashi, kada ki fizge ta ta yi tsalle ta fantsama.

Wani abu da ya taɓa faruwa da mu, an yi gwajin ƙarshen wata sai aka ji na'ura tana kuka a kan hannun firij, aka bi sawu aka same shi a kan biro, a kan madannin santirifuj, wato injin juya samfuri, har kan murfin wani littafin rubutu. Wanda ya yi aikin hannunsa fes, ko ɗigo babu, don safarsa biyu a hannu, amma da safar ya yi ta yawo yana taɓa komai, mu da muka zo bayansa hannu tsirara mu muka kwashe. Yini guda muka yi muna goge-goge. Waya kam ki bar ta a jaka, in ta ɗauka ba ki da yadda za ki yi da ita sai dai ki sa ta a leda ki jira watanni.

In lateks na sa miki ƙaiƙayi ko kurji kada ki daure, wasu jikinsu ba ya karɓarsa, ki koma naitiril. Ta fuskar beta duk kanwar ja ce, kauri ɗaya tarewa ɗaya. Fata mai tsagewa ita ce ma ta fi saurin shigar da abu.

Ɗalibar_Lab ta rubuta:

Kai, Allah ya saka da alheri Malam, Anti na gode ƙwarai, wallahi kamar an sauke min dutse. Garkuwar filastik ɗin muna da ita kuma a bayanta nake tsayawa, amma yanzu na gane jikina da fuskata kawai take karewa, hannayena ai suna zagayawa can gabanta inda samfurin yake. Toh su kuma ya zan yi da su tunda dole in riƙe tub ɗin in buɗe shi? Sannan an ba ni wani zobe na dosimita mai auna radiyeshon ɗin da hannu ya sha, ban san a kan safa ake sa shi ko a ƙarƙashi ba, jiya ma a aljihu na bar shi don kada ya huda min safar, kunya ta hana ni tambaya.

Injiniya_99 ya rubuta:

Toh na janye maganar dalma, ashe karatun sakandare ya tsaya a hanya. Malam a yi min afuwa.

Malamin_Kariya ya rubuta:

Ba komai Injiniya, littafin bai yi ƙarya ba, "siririn abu" ɗin da ake nufi falle ne na alminiyom mai 'yan milimitoci, ba robar safa ba.

'Yata zoben nan ki fito da shi daga aljihu, a can ba abin da yake aunawa sai zaman lafiya. Ƙarƙashin safa ake sa shi, saboda dalili biyu, ana son ya auna abin da ya iso fatarki ne, kuma in yana waje ɗigo ya faɗa masa zai yi ta ƙirgawa har ranar da za a karɓe shi ya nuna adadin da ba ki sha ba. Fuskar da ke aunawa ki juyo ta ta cikin tafin hannu, wajen da ke kallon samfurin, a hannun da ya fi kusantar kayan. Ki lura da wannan, mai aiki da hannun dama sau da yawa hagunsa ce ke shan abin, don dama na riƙe da fifet can sama nesa, hagu kuwa ita ke riƙe da tub ɗin.

Wannan riƙon shi ne ma abin da za ki daina. Bangon ɗan tub ɗin bai wuce milimita ɗaya ba, P-32 yana fitowa ta cikinsa, in kin damƙe shi ta ƙasa inda ruwan yake yatsanki na manne da tushen abin. Nisa shi ne babban makaminki, kuma lissafinsa mai daɗi ne, in kin ninka tazara sau biyu abin da ke iso ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, daga santimita 1 zuwa santimita 10 ya ragu kusan sau ɗari. Ki kwatanta da kashi ɗaya cikin goman da safa ke ragewa, hantsaki mai tsawon ɗani ɗaya ya fi miki kwalin safa guda. Ki dasa tub ɗin a cikin tubalin filastik mai ramuka, irin mai kaurin nan da ake yi don wannan aikin, ki riƙe tubalin maimakon tub ɗin, murfin kuma akwai ɗan abin buɗewa, ko ki yi amfani da hantsakin. In ya zama dole ki taɓa da hannu toh ta can saman murfi, ki sake shi da wuri. Kwalbar asali da ta zo daga kamfani kada ki ciro ta daga gidanta, a ciki za ki buɗe ki ɗiba ki rufe, kuma kada ki leƙa bakinta ta sama tana buɗe, don ta nan hasken yake fitowa ba abin da ya tare shi, ido kuma ba ya son sa, tabarau na kariya ya zauna a fuskarki.

Sai lokaci. Kafin ki taɓa na gaske ki yi aikin duka da ruwa mai kala, sau biyu ko uku, komai a jere inda hannunki zai kai, za ki ga inda kike tsayawa neman abu da tub a hannu, kuma kalar za ta nuna miki inda kike ɗigarwa ba ki sani ba, yawanci a bakin murfi ne lokacin buɗewa. Safar da kika cire da tsinken fifet su shiga kwandon filastik mai kauri na sharar P-32, kada ki haɗa su da na C-14, don shi P-32 duk kwana 14.3 yake raguwa rabi, bayan sau goma, wajen kwana 143, saura kusan kashi ɗaya cikin dubu, C-14 kuwa shekara 5,730 ne rabinsa.

Babban ɗalibin naki kuma ba sai kin yi musu da shi ba. Ki ce masa kina son ya duba miki wani abu da ya ɗaure miki kai, ki miƙa masa Geiger ɗin da safa biyu ya zura da hannunsa. In akwai S-35 a lab ɗin ku gwada shi ma, amma a buɗaɗɗen ɗigo da ya bushe a kan takardar tacewa, don ta cikin tub Geiger ba zai ji komai ba, babban ɗalibin zai ga kukan ya faɗi ƙasa da safa ɗaya, na P-32 kuwa yana nan yadda yake. Sannan ku je tare wajen jami'in kariyar radiyeshon na wurinku ya duba tsarin bencin kafin aikinki na gaba, ki tafi da zoben a yatsa.